Tsakanin iPhone 'yar Landan da sabuwar waya a kwali

Wani ƙanenmu mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce wayarsa ta tsufa, kafin azahar caji ya ƙare. Ya tara naira 300,000, abokansa kuma sun dage sai dai ya sayi iPhone irin wadda ake kira 'yar Landan, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, wai ita ce wayar manya. Shi kuwa ransa ya fi kwantawa da sabuwar Infinix ko Tecno a kwali. Harkarsa kaf a waya take: direbobi da dillalan Arewa ta WhatsApp, masu saye kuma tiransifa suke yi masa. A ƙarshe ya ce data ba ta yi masa albarka, ko wayar ce ke shanye ta?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Gyaran waya nake yi a Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja, shekara da shekaru, kullum daga Agege nake tasowa, kuma wayoyin nan biyu da kake magana a kai babu ranar da ba na ganin cikinsu a buɗe a kan teburina. Don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Da kuɗin da ke hannunka da irin sana'arka, ka sayi sabuwar Android mai babban batir, ka rage canji ka mayar cikin jari. Ba wai iPhone ba ta da kyau ba ne. Waya ce mai inganci ƙwarai, kuma ni kaina ina jin daɗin aiki a kanta. Amma wadda naira 300,000 za ta saya maka a yau wani ya riga ya more ƙuruciyarta, kai kuma aikin da za ka ɗora mata na mai jini a jika ne.

Dubi yadda yininka yake. Tun kafin asuba motocin tumatir da tattasai da albasa suke shigowa, kana kiran direba kana tambayarsa ko ya wuce Ibadan ko har yanzu yana Ogbomosho. Mutuminka na Kwanar Gafan ya turo hoton kwanduna da saƙon murya na minti uku. Rana ta take, kana tsaye a fili, ka ƙure hasken sikirin don ka iya ganin alat, hannunka duk danshi da ƙasa. Ga shi wuri mai cunkoson jama'a sabis kan yi rauni, kuma waya in tana laluben sabis ƙarfi take ƙarawa, caji ya riƙa zuba kamar an huda jarka. Abubuwa uku ke nan da ke cin batir fiye da komai: hasken sikirin, raunin sabis, da zafi. Duk ukun kullum kana cikinsu.

To iPhone ɗin da kuɗinka zai kai gare ta irin su XR ce ko 11. Ta farko ta fito a 2018, ta biyu a 2019. Batirin iPhone 11 ranar da ta fito daga masana'anta 3,110mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), na XR ma bai kai 3,000 ba. Gaskiya ne tsarin Apple ya iya tattalin wuta, shi ya sa ƙaramin batir ke kai ta inda na wata wayar ba zai kai ba. Amma batir abu ne mai tsufa. Apple da kansu sun ce an tsara batirin waɗannan wayoyi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Wanda ke cika wayarsa kullum, shekara ɗaya da rabi ba za ta cika ba sai ya cinye wannan adadi. Wayar da ta shekara biyar ko shida a duniya, ɗayan biyu ne: ko batirinta ya gaji, ko an canza shi. In an canza, wane ne ya canza, kuma da wane iri? Sabuwar Android ta tsakiyar farashi kuwa kusan duk 5,000mAh ko fiye suke zuwa da shi, sabo fil, ba wanda ya taɓa jona shi da wuta.

Sai maganar layi. Na tabbata ɗan kasuwa irinka layi biyu gare shi, in wannan ya ɗauke a koma wancan. Yawancin XR da 11 da ke kasuwarmu gurbin sim ɗaya ne da su, na biyun eSIM ne, wato layin da ba shi da kati, sai kamfanin layi ya sa maka shi a cikin wayar. Daga iPhone 14 ta 2022 kuwa, waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da gurbin sim kwata-kwata. Kuma akwai abin da abokanka ba su gaya maka ba. Ajiyar hirarrakinka na WhatsApp a Google Drive take, iPhone kuma ba ta buɗe ta. Sai an yi ƙaura ta wata manhaja mai suna Move to iOS, wayoyin biyu suna kusa da juna, ita iPhone ɗin kuma a goge take tas. Na ga mutane da yawa sun sa layi a sabuwar waya cikin ɗoki, WhatsApp ya buɗe fayau ba komai a ciki, lissafin bashin da suke bin masu sayar da abinci a Ketu da Ojota duk ya bi ruwa. Ka ƙara da cewa sabon tsarin iOS 26 da ya fito a 2025 ya bar XR a baya, kuma a hankali manhajojin banki sukan daina karɓar tsofaffin tsare-tsare.

Bari in ɗan tsaya a kan sunan nan 'yar Landan, don shi ke ruɗar mutane. A bakin 'yan kasuwa, ma'anarsa kawai wayar da aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, don a bambanta ta da wadda ɗan Najeriya ya riƙe. Landan ɗin suna ne kawai. In ka shiga saitin ka duba lambar samfurin wayar, za ka ga da yawa sun ƙare da LL/A, wato ta Amurka ce. Ta Ingila B/A take ƙarewa da shi. Wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne yawancinsu ba kai tsaye suke zuwa ba, sai sun biya ta hannun masu kwaskwarima, an canza abin da ya fashe, an goge jiki, an sa sabon murfin baya. A cikin kwali ɗaya akwai wadda ba a taɓa kwance mata ƙusa ba, akwai wadda aka harhaɗa daga wayoyi uku. A ido duk ɗaya suke, ƙyalli iri ɗaya.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai sayar da shanu ya kawo mini iPhone ɗinsa 'yar Landan, ya ce sati biyu da saye, tana zafi kuma tana mutuwa a kashi 30. A saitin an rubuta lafiyar batir kashi 100. Na kwance ƙusoshin ƙasa biyu, tun nan na ga kansu ya cinye, alamar sukundireba ya sha shiga. Da na ɗaga sikirin, robar da ke hana ruwa shiga babu ita, sai wani baƙin gam da aka shafa da hannu. Farantin ƙarfen da ke danne wayoyin ciki ƙusa biyu suka rage masa cikin biyar. Batirin ya ɗan kumbura, kuma a kan igiyarsa an maƙala wani ɗan siririn allo wanda aikinsa kawai ya gaya wa wayar cewa batir sabo ne. Na kira shi ya zagayo ta bayan tebur na nuna masa da tsinken aiki, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ce kuɗin ɗan maraƙi guda ya sa a ciki. Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida. Mutanenmu da guminsu suke tara kuɗin nan, a rana da ruwan sama, shi ya sa ba na iya yin shiru in an tambaye ni.

Akwai ma wata sabuwar dabara: a ɗauki injin XR a sa shi cikin gangar jiki mai kama da 13 Pro ko 14 Pro, da idon kamara uku a baya, alhali ɗaya ne ke aiki. Wasu 'yan kasuwar suna faɗa maka gaskiya su sayar a farashinta, wasu kuwa sai su yi shiru.

Duk da haka, na san zuciya. In ka ji lallai iPhone kake so, ba zan ce ka yi laifi ba, kuma akwai masu kyau, akwai 'yan kasuwa masu amana da na sani shekaru ba su taɓa sayar wa mutum gawa ba. Amma sai ka ba wayar lokaci kafin ka ba da kuɗi, aƙalla minti talatin a zaune cikin shagon. Fara da saitin, wurin da aka rubuta General, sannan About. Nan za ka ga ainihin sunan wayar, ko da an canza mata riga. Lambar samfurin in ta fara da M, sabuwa aka sayar da ita tun asali. F na nufin kamfani ya sabunta ta. N kuma wadda aka ba wani a madadin tasa da ta lalace. A wannan shafin dai akwai layin Carrier Lock, dole ka ga an rubuta No SIM restrictions, in ba haka ba wayar ɗaure take da wani kamfanin layi na waje. In an canza sikirin ko batir ko kamara, sau da yawa wayar kan nuna a nan ma. Zare gurbin sim ka haska cikin ramin da tocila: akwai wata 'yar alama fara, in ta koma ja, wayar ta sha ruwa. Gwada Face ID da fuskarka, don gyaransa wahala gare shi. Duba ko True Tone, saitin da ke daidaita launin sikirin da hasken wuri, yana nan a wurin hasken sikirin, rashinsa alama ce ta canjin sikirin. Kada ka yarda da lambar lafiyar batir. Ƙure haske, kunna bidiyo na minti goma sha biyar, ka ga nawa ya sauka, ka kuma taɓa bayanta ka ji zafi.

Mafi girma a cikinsu shi ne wannan: a gaban mai shagon, a goge wayar gaba ɗaya, ta tashi kamar sabuwa, ka sa layinka, ka shiga da naka asusun Apple. In akwai makullin iCloud na wani a kanta, wato tana ɗaure da asusun Apple na tsohon mai ita, ko makullin wani kamfani da ya raba wa ma'aikatansa, ko an yi mata dabarar tsallake makulli, a nan asiri ke tonuwa. Duk mai sayarwar da ya ce ba sai an goge ba, ko ya ce kada ka taɓa sabunta ta in ka je gida, miƙa masa kayarsa ka yi masa sallama. Wayar da ke da makullin iCloud na wani, ni da nake gyara ba abin da zan iya yi mata sai dai a cire sassanta a sayar.

Ita kanta kasuwar sai an san yadda ake shigarta. Da ka sauka a ƙarƙashin gadar Ikeja, kafin ka kai titin Otigba, 'yan kayi-nayi za su yi maka caa, wannan ya ja hannunka, wancan ya nuna maka waya daga aljihu a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Kada ka tsaya, kada ka karɓa ko don ka duba. Araha ba ta ado. Waya a shago ake saye, shago mai suna da lamba wanda gobe in ka dawo za ka same shi. Danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali, sannan ka tabbata an rubuta ta a rasit tare da kwanan wata da sharaɗin garanti. Bayan ka gwada waya kada ta sake barin hannunka da sunan za a naɗe maka ita a leda. Rasit ɗin nan ba don garanti kaɗai ba ne. Wayar sata ana bin sawunta ta IMEI, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Na san mutanen kirki da suka kwana a ofishin 'yan sanda saboda sun sayi waya a hannun yaro a tasha, ba su da takardar da za su nuna. Baƙo a garin mutane ba ya wasa da irin wannan.

Yanzu ga sabuwar Android, in ka bi shawarata. Tecno da Infinix da itel duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma wurin gyaransu ɗaya, Carlcare. Babbar fa'idarsu a wajenka ita ce kayan gyara: sikirin ɗinsu da bakin cajinsu ko a Agege, ko ka tafi gida Funtuwa da sallah, za ka samu, kuma da sauƙin kuɗi. Waya a Mile 12 sai ta faɗi, wannan ba makawa, don haka farashin sikirin yana cikin farashin waya. Abin da ba na so a ƙananan wayoyinsu shi ne tarin manhajojin da suke zuwa da su da tallace-tallace. Ranar farko ka sa wanda ya iya ya kashe maka su. Samsung na jerin A sun fi daɗewa ana turo musu sabuntawa, A16 da ta fito a ƙarshen 2024 shekara shida aka yi mata alkawari, amma sikirin ɗinta na asali ya fi tsada in ya fashe. Redmi ma ba laifi. Duk cikinsu ba wadda zan hana ka.

Abin da za ka duba a kwali kaɗan ne. Kada lambar kamara ta ɗauke maka hankali. Hoton kwandon tumatir da rana tsaka kowace waya za ta ɗauka da kyau. Duba RAM, ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita nan take, kuma ka kula da rubutun nan na 8+8 ko 4+4. Lambar farko ce ta gaske, ta biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ta da saurin ta ainihi. Nemi mai 6 ko 8 na gaske. Ma'ajiya kada ta gaza 128GB, in da hali 256GB, don saƙonnin murya da bidiyon zaurukan WhatsApp cika waya suke kamar ruwan Yuli a kwatar Legas. Maganar 5G, MTN sun fara a 2022, Airtel a 2023, amma ba ko'ina yake ba, kuma tiransifa da saƙon murya 4G ya ishe su har ya yi yawa. Kada ka biya ƙarin kuɗi dominsa. Za a yi maka tayin biya kaɗan-kaɗan don ka ɗauki wadda ta fi ƙarfinka. Ka lissafa jimillar abin da za ka biya tukuna, za ka ga kuɗin ruwan da ke ciki, kuma ranar da ka makara wayar kulle kanta take, ko kana tsakiyar ciniki. Tunda kana da kuɗinka a hannu, biya ka wuce.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma a wurina ya fi zaɓin waya muhimmanci. Jarinka ba a cikin wayar yake ba, a kan layinka yake. Ɓarawon da ya zare waya a danfo tsakanin Oshodi da Mile 12 a yau ba wayar ce ta fi damunsa ba. Zare sim yake yi ya sa a ƙaramar waya, ya lalubo bankunan da ke haɗe da layin, saƙon lambar tabbatarwa kuma hannunsa zai zo. Makullin sikirin ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne lambar sirri ta sim ɗin kansa, wadda za a tambaya duk lokacin da aka sa shi a wata waya ko aka kashe aka kunna. Tana cikin saitin tsaro, minti biyu ne aikin. Kira 300 ka tambayi lambar asali ta layinka kafin ka fara, kada ka yi canki-canka: kuskure uku sim ya kulle ya nemi PUK, lambar buɗe shi, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma layin ya mutu sai an yi maka sabon sim. Kuma layin ya kasance da sunanka da NIN ɗinka. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, wanda ya sayi layi mai rajistar wani, ranar da ya ɓace ba shi da bakin karɓo shi. Mutanenmu da yawa suna kasuwancin miliyoyi a kan layin da ba nasu ba, wannan yana tayar mini da hankali.

Haka WhatsApp. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da imel. Duk wanda ya kira ka ya ce an turo maka lamba ka karanto masa, ko ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne, ko taron addu'a ne za a yi ta intanet, ko ya ambaci sunan shugabanku daidai, kashe wayar. Da ka karanta masa, shi ya zama kai, ya shiga neman rance a wurin dillalanka da sunanka. Ka rabu da GB WhatsApp da 'yan uwansa na bogi, kamfanin WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da su. Sannan asusun Google: mutanenmu sukan bar yaron shago ya buɗe musu, su tafi ba su san sunan ba balle kalmar sirri. Ranar da waya ta lalace aka goge ta, sai ta ce sai an shiga da asusun da ke kanta, mai ita kuma ya tsaya yana kallona. Rubuta su a takarda, da boko ko da ajami, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Lambobin mutane ka riƙa adana su a asusun Google, ba a sim ko cikin wayar ba. Alat kuwa, saƙon tes ba shaida ba ne, ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗi sun zauna kafin kwando ya bar gabanka.

Batun data, ba wayar ce ke sha don mugunta ba, kuma ka sani tun yanzu sabuwa za ta fi tsohuwar ci, don ta fi sauri kuma bidiyo mai kyawun hoto take janyowa. Kashi ɗaya na abin da kake ji tsada ce: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka kuɗin da ka saba sawa ba ya sayen abin da yake saye da. Sauran kuma bidiyo ne. TikTok da Facebook da kallon status, awa ɗaya ta bidiyo mai tsabta na iya cin gig guda, alhali saƙonnin murya na yini guda ba su kai ko kusa ba. Shiga saitin WhatsApp ka kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye, sai wanda ka taɓa da hannunka. A Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu da datar layi. Google Photos ma ka hana shi kwashe hotuna da ita. Kunna Data Saver. Sannan a saitin wayar akwai shafin da ke jera kowace manhaja da abin da ta ci a wata. Gani ya kori ji, buɗe shi ka ga mai laifin da idonka. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka tun 2023: *323# don ganin ragowar data, *312# don saye, *305# don kashe ƙananan rajistocin da ke yankar kati ba ka sani ba, 2442 kuma don tsayar da saƙonnin talla. In ka kai ƙara wurin kamfanin layi ba su share maka hawaye ba, 622 layin NCC ne, kyauta.

Daga canjin da ka rage, sayi fawa bank na kirki da riga mai kauri da gilashin kariya. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh kada ka sa ran zai cika wayar 5,000 sau huɗu. Ana asarar wuta wajen juya ta da kuma zafi, sau biyu da ɗoriya za ka samu, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Na jabu shi ne wanda aka rubuta wa 50,000 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ko wanda muke fasawa mu tarar da batir ɗaya da ƙunshin yashi. Ka riƙa caji da cajar da ta zo a kwali. In za ka bayar a wurin masu caji da janareta, gara ka ba su fawa bank ɗin, wayar ta zauna a aljihunka.

Da damina kuwa leda mai zif ta fi komai. In ta faɗa ruwa, kashe ta nan take, kada ka jona caji don ka ga ko tana aiki, wannan shi ke ƙona inji. Shinkafa ba ta tsotse ruwan da ya shiga ƙarƙashin sassan ciki; a ranar ka kai ta a buɗe a wanke. Iskar Legas da danshi take, tsatsa ba ta jiran kwana uku.

Tsohuwar wayarka kada ka sayar da ita, ba za a ba ka abin kirki ba. In batir ne kawai matsalarta, a canza mata, ka sa layin da bankinka ke kai a cikinta, ka bar ta a ɗaki ko can cikin aljihun ciki, sabuwar kuma ta riƙe layin kira da WhatsApp. Ranar da za ka shigo Ikeja, ka zaɓi Talata ko Laraba da hantsi bayan ka sallami motocin safe, Asabar cunkoso ba ya barin mutum ya duba komai a natse. Ka taho da layukanka biyu, da tsohuwar wayar cike da caji, da takardar nan mai sunan asusunka na Google, don a kwashe maka hirarraki da lambobi kana zaune kana gani kafin ka kama hanyar Ketu.